Tauraron da Ya Hana Mu Shuka

Ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka, kowa daɗinsa yake ji. Ni kuwa tsohon haushi yake tono mini, kuma bari ka ji dalili.

Ina yarinya a Darini, a shekarun da ake ɗibar samari zuwa yaƙin Turawa, kakana ake tambaya lissafin taurari: yaushe damina za ta kama, yaushe za a fito da iri. Shi ya koya mini ganin Gamzaki da rana tsaka. Tun da sassafe za ka saita shi da tsinin rumbu, ka riƙa leƙa shi kana matsawa kaɗan-kaɗan, har hantsi ya wuce yana nan, ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gero. Ya ce, "Matata, wannan tsakaninmu ne."

Ni da bakin nan nawa! Washegari na nuna wa matan bakin rijiya. Daga rijiya labari ya tafi kasuwar Batsari, kafin ya dawo ya zama jirgin abokan gaba da ya tsaya cak a kan Darini yana ƙirga rumbuna. Dama an yi shela duk wanda ya ga baƙon abu a sama ya kai rahoto. Aka kai.

Sai ga ruwa, mai ƙarfi, irin wanda ake jira. Gari ya waye maza sun saɓa sungumi, mu mun ɗauki ƙwaryar iri, sai ɗan aiken dagaci ya tare hanya. Wai sojoji na tafe, maza su je sharar hanyar mota, sauran kowa ya zauna gida za a yi masa tambayoyi. Duk wanda ya taɓa noma ya san laimar ruwan farko ba ta jiran kowa. In ta wuce, sai ka zuba wa sama ido.

Baturen soja ya iso da abin hangen nesa da wani saje mai yi masa tafinta. Kakana ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, Gamzaki ne. Tun kakanninmu yana nan. A bar mu mu tai shibka, ƙasa na shanyewa."

Sajen ya ce, "Baba, an ce sai an auna."

Aka auna kuwa! Kwana uku ana aunawa. Yana ƙara? Yana hayaƙi? Wa ya fara gani? Aka kira ni, na ce kakana ya nuna mini. Shi ke nan aka zaunar da tsoho a rana ana tambayarsa wa yake yi wa alama da tsinin rumbu. Ina kallon ƙasar tsakar gida tana komawa fara, na rasa inda zan sa kaina don kunya da takaici.

Rana ta uku sajen ya tara mu ya ce Bature ya gama bincike, ya gano abin tauraro ne, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Kakana ya duƙa ya damƙi ƙasa, ya buɗe hannu, ta zube. Ya ce, "Madalla da shi. Tambaye shi ko zai gano mana ruwa."

Ruwa bai dawo ba sai da wata ya kusa ƙarewa. Geron bai cika ba, kafin wata daminar muna cin tafasa da dusa. Kakana bai taɓa yi mini faɗa ba, amma bai sake nuna mini ko tauraro ɗaya ba har ya koma ga Allah.

Kwanan baya jikana ya kawo mini waya, wai sojojin wata ƙasa sun daɗe suna binciken wani haske a sama, ashe tauraro ne. Na yi tsaki na miƙa masa abinsa. Ya ce, "Kaka, wai ana ganin tauraro da rana?"

A lokacin ina ganin Gamzaki sarai, can saman kan tankin ruwa. Na ce ya je ya tambayi sojoji.