Ranar da Na Durƙusa a Ƙofar Biron Gure

Bana shekara arba'in cif da rasuwar ƙanena Ari. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Da zuciya ɗaya na yi wannan addu'a, amma gara in gaya muku tun da wuri, shekara arba'in ɗin nan duk na yi su ina kishin mamaci. Tsakanin Kelle da Gure, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da wani Ari da aka raɗa wa suna saboda shi ba. Ni kuwa Bukar, wansa, da na ba shi shekara shida, jika ɗaya tak ya ci sunana, shi ma don ubansa ba shi da yadda zai yi ne. Abu guda mutane suka sani a kaina: ni ne wanda aka buge da gindin bindiga ya faɗi, ƙanensa ya tsallake shi ya yi wa kumandan magana. Da wannan ake ganin girmana. To, ba a buge ni ba.

Yaran yanzu ba su san rumbun tsimi ba. Bayan shekarar fara, da yunwa ta share garuruwa, Nasara suka kafa doka cewa kowane magidanci, in ya yi girbi, ya kai wani abu daga geronsa a zuba a rumbunan bakin gari, a liƙe da laka, ba mai buɗewa sai da izinin kumandan. Aka ce tanadi ne don ranar wahala. Ranar wahalar ta zo. Damina ta tsaya a rabi, bazara ta same mu mata na sussukar ƙarangiya, ana jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Geronmu kuwa yana nan a liƙe, muna wuce shi safe da yamma.

Dattawan garuruwa suka haɗa baki a tafi Gure ran kasuwa a gaya wa kumandan ya buɗe. Ni aka zaɓa in yi magana, kuma ba yabon kai ba, an zaɓi daidai. Ina da Hausa, ina da Barbarci, na yi fataucin kanwa har Damagaram, na san yadda ake tsayawa gaban manya. Kwana uku na yi ina tsara maganar. A hanya ina tafe ina maimaitawa, Ari na biye yana kwaikwayona don ya ba mutane dariya. A lokacin aikinsa ke nan a duniya, dariya da kokawa da tsayuwa bakin rijiya in 'yan mata na ɗiban ruwa.

"Yaya, sake faɗin wurin nan na 'geronmu ne, ba na kowa muka zo roƙo ba'. Wallahi in ka ɗaga hannun nan, sai ka ce liman."

"Rufe mini baki, sakarai. In mun isa ka tsaya can baya."

Ban taɓa ganin taro irin na ran nan ba, kuma ban sake gani ba. Mutanen Gidigir sun zo, makiyayan Alakos sun zo da sandunansu, ga mata da ƙorai wayam a ka. Daga ƙofar biro, wato ofishin kumandan, har gangaren kasuwa ba masaka tsinke. Masu gadi da jajayen huluna sun jeru riƙe da bindigogi. Aka buɗe mini hanya na fito gaba, kumandan ya fito baranda, tafinta na biye da shi. Sai dai ba tafintan da muka sani ba ne. Ashe wancan ya kwanta ciwo, aka ɗauko wani tsohon soja mai jin Faransanci ya tsaya masa. Surukina ne, mahaifin Falmata, wadda na aura wata biyar kafin nan.

Na san masu cin tuwo kwano ɗaya da surukansu za su yi dariya. A zamaninmu, in ka hango surukinka a hanya, kaucewa kake yi ka bi ta bayan danga. In kuma ba makawa, sai ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ido a ƙasa, muryarka kada ta wuce gwiwarka. Mutumin nan har yau ban iya kama sunansa ba, ga shi ko a takarda na kasa. Ban yi shawara da kaina ba. Kafin in ankara takalmana suna hannu, gwiwoyina suna ƙasa, maganar kwana uku ta bi iska.

Na baya ba su san tsohon ba, ba su ma hango shi ba. Abin da suka gani kawai, rawanin mai maganarsu yana tsaye, sai ya nutse. Wata mata ta ƙwalla ihu, "Wayyo, sun buge shi!" Jama'a ta fara turowa. Nan ne Ari ya tsallake ni, har bakin rigarsa ya shafi fuskata. Ya ɗaga hannu yadda nake ɗagawa, ya zubo maganata tun daga farko har ƙarshe, ko kalma bai yar ba, da muryar nan tasa ta filin kokawa. Tsohon yana fassarawa. Ni ina durƙushe ina jin maganata a bakin wani, kuma, Allah ya gafarta mini, ba tsoro ne ya fara zo mini ba. Haushi ne, don ta fi daɗi a bakinsa.

Amma na can baya ba su ji komai ba, su dai sun san an buge Bukar. Duwatsu suka fara sauka a kan baranda. Masu gadi suka harba sama, daga nan suka faɗa cikin mutane da gindin bindiga. Ƙorai suka farfashe, aka tattake tsofaffi, wani makiyayi ya wuce ta gabana jini ya rufe masa ido. Ari suka fi so, tunda shi ya yi magana. A gabana suka sauke masa a ƙirji har sau uku, suka ja shi gidan kaso. Ni ko ƙwarzane ban samu ba, wa zai kula da wanda ke tsugune riƙe da takalmi?

Bayan mako biyu aka buɗe rumbunan. Wasu suka ce maganar Ari ce ta girgiza kumandan, wasu suka ce dama izini yana kan hanya daga Damagaram. Ban san gaskiyar ba. Na dai san wadda zuciyata ta fi son ta yarda da ita, kuma ba ta farkon ba ce.

An sako Ari ba ya iya tsayuwa, muka ɗora shi a jaki muka kai gida. Masu dubiya suka cika zaure. Wata rana da hantsi wani dattijo ya juyo gare ni ya ce, "Wai Bukar, me ya kai ka ƙasa ran nan?" Kafin in buɗe baki Ari ya amsa daga kan tabarma. "Gindin bindiga, Baba. A kan idona aka yi. Ku ƙyale shi, har yanzu kansa juyawa yake."

Da suka watse na matsa kusa da shi na ce, "Ari, don me?"

"Yaya, kai za ka zauna da mutanen nan. Ni ina ruwana." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa sai ya ce, "Amma fa na fi ka iya ɗaga hannun."

Kwana biyu bayan nan ya cika, ana kiran la'asar. Surukina, wanda ya ga komai daga baranda, bai taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya. Kunyar da ta kai ni ƙasa ita ce ta rufe masa baki.

Bana ga fari ya dawo. Kumandan ya tafi tuntuni, 'ya'yanmu da suka yi lakwal, wato boko, su ne a biro, jar dawar taimako ce ke zuwa a kamyo, manyan motocin nan, mutane na bin layi. Duk inda na zauna sai wani ya ce, "Kai, da Ari na nan!" Ni kuwa sai in ce a raina, da Ari na nan, tsoho ne irina, ba haƙori, yana rigima da maƙwabta a kan akuya. Ya tafi yana da ashirin da biyu, bai kai ga yin rowa ba, bai kai ga ɓata wa kowa ba. Ni na noma gonar, na aurar da ƙannenmu, na yi jinyar uwarmu. Ranar da za ta rasu ta kama hannuna gam, ta kira ni da sunansa. Na amsa mata.

Amma in zan yi masa adalci, na san abin da zai yi da ya ga layin nan. Zai ba su dariya tukuna, sannan in aka zo wurin tsayawa ya tsaya. Na daɗe ina cewa maganar tawa ce, kuma tawa ce. Sai dai magana a cikin mutum durƙusasshe ba ta buɗe rumbun kowa. Wannan na gane shi tun ran nan, yarda ce ta ɗauke ni shekara arba'in.

Abin da ya fi ci mini rai ba sunan da ya yi ba ne. Mutuncin da nake yawo da shi a garin nan, wanda aka ba 'ya'yana aure saboda shi, yaron nan ne ya ba ni daga kan tabarmar mutuwa, ban roƙa ba, kuma bai tsaya na gode masa ba. Ina zan kai wannan? Falmata ta rasu bara, babu sauran wanda zancen zai kunyata sai ni, shi ya sa na rubuta. Ihun da ya jawo duwatsu, duwatsun da suka jawo bindiga, duk daga gwiwoyina suka taso. Duk wanda aka tattake masa uba ko kaka ran nan, ga ni, ina nan Gure, ya yafe mini ko kada ya yafe.

Na kuma san yadda za ta kaya. Za a karanta wannan a gindin bishiya, sai wani ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki Ari, ashe har asirin wansa ya rufa." Ka gani ko, sakarai? Ko tonon asirin kaina ma kai za ka ci ribarsa. Ci abinka, ƙanena. Ka fi ni.