Ranar da Na Koyi Wanke Idon Autata

Damina ce, irin wadda ruwa ke kwana a tsakar gida har sai an jera bulo ana takawa. Ni dai shekarar nan a hanyar asibiti na ƙarar da ita. Autata na da shekara uku likita ya ce ciwon daji ne a idonta na hagu, farin nan da muka daɗe muna cewa hakiya ce. Aka cire idon, aka yi ta magani har gashinta ya zube, Allah ya sa abin ya tsaya nan. Daga baya aka sa mata ido na roba. Suka ce a riƙa cire shi ana wankewa da ruwan da aka tafasa ya huce, in ba haka ba gurbin zai yi mugunya.

Maigidana mahauci ne, hannunsa ba ya rawa. Shi ke yi mata kafin ya tafi mayanka. Ni kuwa da ya ɗora ta a cinya sai in tuna ina da aiki a madafa. Ko sau ɗaya ban kalli gurbin ba.

Sai tafiyar sayen shanu ta kama shi, ta mako biyu. Na ce masa zan iya. Kwana shida ban taɓa idon ba. Kwantsa ta taru, fatar ta kumbura ta yi ja, ƙudaje na binta. Abin da ya fi tsaya mini a rai, in na matso kusa sai ta sa tafin hannu ta rufe wajen.

Akwai wata mata da muka haɗu a layin ganin likita, mai sayar da kyafaffen kifi a unguwar Chagoua. Kirista ce, ba ta jin Hausa, da Larabci muke magana. 'Yarta ta yi irin ciwon nan shekarun baya, yanzu tana lakwal, wato makarantar boko. Tun lokacin take bin iyayen yara masu irin ciwon gida-gida, ba wanda ya sa ta. Ta taɓa rubuta mini lambarta a bayan littafina na yaƙi da jahilci. Na buɗe, na bi lambobin ɗaya-ɗaya na kira ta.

Bayan azahar ta iso. Mai babur ya sauke ta inda taɓo ya fara, sauran ta tako da ƙafa, takalmi a hannu. Ko ruwa ba ta sha ba ta nemi sabulu. Ta zaunar da yarinyar tana yi mata wasa, ta ja fatar ƙasa da yatsa, sai ga ido a hannunta. Ta kamo tafina ta ɗora mini.

Na zaci dunƙulalle ne. Ashe kamar ɓarin ɓawon ƙwai yake, ba nauyi, da ɗan ɗumi. Na kau da kai.

Ta yi dariya ta ce, "Matar mahauci guda, kina tsoron ɗan nama? 'Yar'uwa, juyo ki duba."

Na duba. Wajen ja ne mai laushi, kamar cikin leɓe. Ba rami mai ban tsoro kamar yadda na yi ta zanawa a raina. Ta ce ita ma wata uku ta yi tana gudu, har ta riƙa biyan wata ma'aikaciyar jinya tana zuwa yi mata. Sannan ta rage murya.

"Ido ɗaya ya rage mata, amma fuskarki sarai take gani. Duk inda kika kau da kai, ta gani."

Wannan maganar ta shige ni. Ta sa na wanke idon a kofin shayi, na goge gurbin da auduga, na mayar. Sau biyu yana zamewa, a na uku ya zauna. Ta ce in kumburin bai sauka ba zuwa jibi in kai ta asibiti, kada in jira maigida. Na ƙulla mata kilishi a leda, ta ce sai dai in bari sai ta zo bikin Auta. Har yau in na yi salla ina sa ta a addu'a, ita da 'yarta.

Washegari da safe na tafasa ruwa na bar shi ya huce. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda haske yake, na kira Auta. Ta zo da hannu a fuska. Na sauke hannun a hankali, na tsaya ina kallonta har ta gaji ta tambaye ni ko akwai koko. Na ce akwai, amma sai mun gama.