Ɗebo wa Saratu Ruwan Dutsen Garinsu

Zuru, ƙarfe biyar da kwata na asuba

Na fita gida da jarka mai lita goma. Dalilin tafiyar ɗaya ne. Matata Saratu ta tashi daga zazzaɓi mai tsanani, amma ta ƙi shan ruwa. Ta ce na burtsatsen unguwarmu ɗaci yake mata, na leda kuma wari. Likita ya ce in ba ta sha sosai cikin kwana biyu ba, za a kwantar da ita a ƙara mata ruwa, ita kuwa ba abin da take tsoro kamar allura.

"Baban Rahila," ta ce, "da zan samu ruwan dutsen garinmu, da na sha."

Shekara ashirin da biyu na yi a soja, ban saba a faɗa mini magana sau biyu ba. Na bar 'yarmu Rahila a wurinta, na nufi tasha.

Hanyar Ribah

Mota ta tashi shida saura goma. Mun wuce shinge biyu. A na biyun wani soja ya ƙwanƙwasa jarkata.

"Baba, babu komai ciki?"

"Ruwa zan ɗebo. Uwargida ta aiko ni."

"Wannan umarnin ya fi na kwamanda. Direba, wuce!"

Mun shiga Ribah takwas saura ashirin. Na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau kabu-kabu. Minti hamsin muka yi zuwa ƙauyen su Saratu.

Gindin dutse, ƙarfe tara

Yayanta Markus na samu yana gyaran rumbu. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya ajiye laka, ya ɗauki ƙwarya, matarsa Tabita ta biyo mu da tulu. Hawan ya ci minti ashirin da biyar. Muka isa idon ruwan, sai ga shi ƙaf, busasshen ganye kawai. Ƙarshen Maris ne. Na zauna a kan dutse.

"Saje, tashi, ba a harbe ka ba," in ji Yaya Markus. "Ruwan bai tafi ko'ina ba, sauka ya yi."

Muna gangarowa yake yi mini bayani, na kuma riƙe shi bi da bi. Na farko, rana tana ɗebe ruwa daga kogi da fadama, ya hau sama ya zama hadari. Na biyu, da damina ya zubo a kan dutsen, rabi ya gudu rafi, sauran ya shige tsaga. Na uku, dutsen ya riƙe shi yana sakinsa kaɗan-kaɗan, in rani ya yi nisa sai ya bi ta ƙarƙashin yashi.

"Burtsatsenku ma ruwan sama yake zuƙowa daga ƙasa," ya ce. "Amma kada ka gaya wa ƙanwata, ba za ta yarda ba."

A ƙasan wani ɓaure ya durƙusa ya tona yashi kamu biyu. Ruwa ya fara tsattsafowa, ja da laka. Ya kwashe na farko ya zubar, ya kwashe na biyu ya zubar. Muka jira minti goma sha biyar. Na ukun ya taru garau. Na buɗe jarka, sai Tabita ta fizge ta.

"Haba Saje! A roba? Kafin ka kai Ribah rana ta dafa shi, ya koma irin wanda ta ƙi. Abin da bakinta ke nema yana jikin tulu."

Na ce tulu ba ya hawa babur. Ta ce, "Cinyarka fa, aikin me take yi?" Ta cika shi, ta tsinko ganyen kaɗanya ta jera a saman ruwan don kada ya yi tambal-tambal, ta ɗaure bakin da ƙyalle.

Komawa

Mun bar ƙauyen sha ɗaya da rabi. Na rungume tulun kamar jariri, ina ba mai babur umarni a kowane rami. Duk da haka wandona ya jiƙe sharkaf. A motar Ribah wata tsohuwa ta ba ni gammonta na ɗora shi, ba tare da ta tambaye ni komai ba.

Gida, ƙarfe uku saura biyar

Abin da ya iso ya ɗan haura rabi. Na sa Rahila ta tafasa shi, domin doka doka ce, ta mayar cikin tulun ya huce a inuwa. Ƙarfe biyar na miƙa wa Saratu moɗa. Ta sunsuna, ta kurɓa, ta rufe ido.

"Na gindin ɓaure ne," ta ce. "Ba ka samu na sama ba."

"Na saman ya ƙafe."

"To, ƙaro."

Moɗa uku ta sha kafin rana ta faɗi, ta kuma nemi kunu. Washegari likita ya duba ta ya ce babu zancen kwanciya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Yaya Markus da Tabita, da tsohuwar nan mai gammo wadda ko sunanta ban tambaya ba.