Abarshi Ya Tsaga Dutse, Ruwa Bai Zuba Ba

Kafin sauran leburori su gama kurkure baki, Malam Abarshi ya riga ya isa wurin injinsa na huda dutse. Ba ya tayar da shi nan da nan. Sai ya zagaya shi tukuna, ya ƙwanƙwasa nan, ya duba mai can, ya tsuguna ya shafa bakin gudumar da babban yatsa ya ji ko ya dushe. Sannan ya yi bisimilla, ya ɗaure ƙyalle a hanci, ya buɗe iska. Daga nan har azahar ba ka da sauran magana da shi. Hannunsa yana kan bututun da ke nitsewa cikin dutse, idonsa yana kan garin da iska ke fesowa sama. Haka na san shi tun ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba, lokacin ma ƙaramin injin hannu yake riƙewa, haka kuma ya yi har Asabar ɗin da ta wuce, ranar da ya ajiye aiki.

Ni ne Andrawus mai nakiya. Shi ke huda dutse, ni ke ɗura nakiya a ramukan in fasa, masu hanya su zo su kwashe. Bari in faɗa tun yanzu, kada wani ya kai rabi ya ce na yaudare shi: ina kishin mutumin nan. Kishi na gaske, irin wanda ke hana tuwo wucewa a maƙogwaro. Kuma ina da dalili, ku saurara ku ji.

Da can ni ne abin kallo. In na ɗaga jar tuta na busa usur, kasuwa ma watsewa take yi, yara su haye bishiya, tsofaffi su toshe kunne suna salati. In ƙasa ta girgiza hayaƙi ya tashi, sunana ake kira. Wa ya san Abarshi? Wani dogon mutum ne kawai da garin dutse ya mayar fari fat, ba ya hira, ba ya shan taba, ba ya ko iya ba da labari mai daɗi.

Bayan yaƙin basasa kamfanin da muke wa aiki ya samu kwangilar wata hanya ta cikin daji, gaba da Dogon Dawa. A lokacin ne aka kawo babban injin, aka damƙa wa Abarshi. Ga wanda bai taɓa gani ba, guduma ce ta ƙarfe mai kama da taɓarya, ana zura ta cikin rami a bakin bututu. Iska ke buga ta, daga wani ƙaton inji da muke kira kwamfaresa. Tana can ƙasa tana dukan dutse tana nitsewa, ana ƙara mata bututu daga sama.

Hanyar ta zo ta ci karo da wani falalen dutse a Unguwar Falale. A bayan dutsen akwai wani kwarmi mai zurfi da ruwan damina ke taruwa, mutanen garin suna kiransa Kwatarniya. Ba ya ƙafewa. Shekarun nan na fari ne, rijiyoyi sun zama ramukan ƙadangaru, rafi ya koma yashi, amma Kwatarniya tana nan. Ita garin ke sha, Musulmi da Kirista, ita Fulanin da ke gefen daji ke ɗiba wa 'yan maruƙa. Hanya kuwa dole ta ci gefen dutsen, don ɗaya ɓangaren fadama ce mai haɗiye mota. Kowa a aikinmu ya san abin da nakiya ke yi. Ba ta tsayawa inda ka ce ta tsaya. Tsaga ɗaya siririya ta ratsa ƙarƙashin kwarmin, ruwan ya tsiyaye, shi ke nan gari ya tashi.

To, Unguwar Falale garin surukaina ne. Matata Susan a can aka binne cibiyarta.

Ta same ni ina wanke ƙafa a ƙofar ɗaki, ta ce, "Baban Helen, an ce kai za ka fasa mana Kwatarniya."

Na ce, "Ni hanya zan fasa. Aikin da aka ba ni ke nan."

Ta ce, "To. In ruwan ya tafi, kai za ka je ka gaya wa Baba inda zai koma da tsufansa. Ni ba zan iya ba."

Washegari dattawan garin suka zo wurin injiniya, har da Bappa Hammadu, wani tsohon Bafulatani da ya ɗora sandarsa a wuya ya ce shi ba ya jin turancin hanya, ruwa kawai ya sani. Injiniyan mutumin kirki ne. Ya ce akwai dabara ɗaya: a yanka dutsen tukuna, a yi tsaga mai zurfi tsakanin inda hanya za ta ci da inda ruwan yake, yadda in nakiya ta buga, girgizar za ta zo bakin tsagar ta tsaya. Amma ya ce ba su da kayan wannan aiki, kuma ba zai iya jira ya wuce faɗuwar damina ba. In ruwan farko ya sauka ba a gama ba, a fasa dutsen a yadda yake. Ya waiwaya ya tambayi Abarshi ko zai iya. Abarshi ya daɗe yana kallon dutsen, sannan ya ce, "Zan gwada, ranka ya daɗe."

Yanka dutse da injin huda, ai rami za ka yi, ka yi wani a jikinsa, ka yi wani a jikin wancan, har su haɗe su zama tsaga ɗaya doguwa. A baki ba wuya. Amma guduma ba ta da wauta. Da ta ji akwai rami a kusa, sai ta bar dutse mai tauri ta zame ta faɗa cikin wanda aka riga aka huda. Abarshi ya yi ta fama, tana zamewa. Har bututu ɗaya ya lanƙwashe. Ni kuwa ina zaune a inuwar ɗorawa ina kallo, na kuma san in ya kasa, ni za a tsine wa.

Sai ya sa aka saro masa sandunan ƙirya daga daji, ya riƙa cusa su a tsohon rami don gudumar ta rasa inda za ta zame. Ƙirya duk taurinta, gudumar ta mayar da ita ɓawo. Ranar kasuwa ya hau motar kamfani zuwa Birnin Gwari da guntun wani kakkauran bututu a kafaɗa, ya zauna wurin mai walda har suka haɗa wani abu da ban taɓa gani ba: an ɗaure bututun a gefen gudumar, ya ɗan fi ta tsawo, yadda shi zai riga shiga tsohon rami ya cike shi, ita kuma ta ci dutsen da ke gefe. Ya sa masa suna ɗan jagora. Ya karye, aka sake. Ya kuma karyewa, aka ƙara masa kauri. Daga nan gudumar ta miƙe.

Kai ne, Abarshi, ka kwashe bazarar nan a kan falalen dutse, inda ko kare ba ya iya taka ƙafa da rana. Tiyon iskarmu gajere ne, dole aka jawo kwamfaresa har gindinka, yana ruri a kunnenka tun safe har la'asar. Mu muna matsawa nesa mu huta, kai ba ka matsa ba, don hannunka ne kaɗai ke jin lokacin da ɗan jagora ya fara cijewa. Na ga leɓɓanka sun tsattsage. Na ga Bappa Hammadu ya kawo maka nono a ƙwarya ya tsaya yana ta yi maka magana, kai kana ta gyaɗa kai. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kana kan ramukan ƙarshe. Mai yankan dutse ba wuƙa, ka gama ana walƙiya.

Sai ranar tawa ta zo. Na auna nakiyata kaɗan-kaɗan, yadda ban taɓa yi ba. Garin duka ya koma kan tudu. Bappa Hammadu ya riga ya tsoma sandarsa a Kwatarniya ya yi mata alama da wuƙa daidai bakin ruwa. Na ɗaga tuta, na busa usur. Ƙasa ta girgiza. Gefen dutsen ya zube ya kwanta a inda ake so, ya tsaya cak a bakin tsagar Abarshi kamar an yanka sabulu da zare. Bappa Hammadu ya ruga, tsoho da shi, ya tsoma sanda. Ya jira. Ya kuma tsomawa. Sannan ya ɗaga ta sama ya yi kuwwa.

Jama'a, a nan ne abin ya tsaya mini a rai. Mata suka kwaso da gudu suna guɗa. Na gyara tsayuwa, na kaɗe rigata. Suka wuce ni! Allah kuwa suka wuce ni kamar kututture, har da matata, suka yi kan Abarshi. Ni da na riƙe mutuwa a hannu, ko sannu.

Bai tsaya nan ba. Bayan mun tashi daga wurin, matan garin suka yi masa waƙar niƙa, kuma Susan ce ta ƙaga rabinta. "Abarshi ya tsaga dutse, ruwa bai zuba ba." Haka take farawa. Ni ma an sa ni a ciki, kada ku ce an manta da ni: "Mai jar tuta ya zo ya tsorata kaji." Kaji! A gidana ake rera wannan, a kan dutsen niƙan da ni na sassaƙa da hannuna. Na ce, "Maman Helen, ba ki da wata waƙa ne?" Ta ce, "Akwai, amma wannan ta fi sa gari laushi." An haifi yara a garin an sa musu Abarshi. Je ka nemi Andrawus ɗaya da aka sa don ni, in ka samu ka zo ka gaya mini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko a jikinsa. Mun yi aiki tare a wajen Damari da wasu wurare, in motarmu ta bi ta Unguwar Falale mata suka hango shi suka ɗauki waƙar, sai ya ɗaga hannu kawai ya kau da kai. Na ce a raina, dubi girman kai. Ni da za a yi mini baiti ɗaya, ai sai na sauka na taka rawa.

Ranar Asabar aka yi masa taron sallama a filin kamfani. Mutanen Unguwar Falale suka zo cike da mota, da tulu guda na ruwan Kwatarniya an rufe bakinsa da ganye. Bappa Hammadu ya rasu, ɗansa ne ya kawo sandar nan mai alama. Mata suka yi da'ira suka fara waƙar. Ina zaune kusa da Abarshi, na cika na batse. Sai ya karkato, ya dafa gwiwata, ya yi magana da ƙarfi yadda ya saba yi, abin da a da nake ɗauka sabo da aiki kusa da inji ne ya jawo.

Ya ce, "Andrawus, don Allah me suke cewa? Shekara da shekaru ina ganin bakinsu na motsi, kunya ta hana ni tambaya."

Na dube shi. Ya nuna kunnensa ya ce, "Tun bazarar Falale. Wannan ya mutu, wannan saura kaɗan."

A wurin aikinmu da hannu ake magana saboda ƙara, shi ya sa ba wanda ya lura. Ni da nake gefensa kullum ban lura ba. Waƙar da ta hana ni sakat duk shekarun nan, wadda na haddace don haushi, mai ita bai taɓa jin ko kalma ɗaya ba.

Na sa bakina a kunnen da ya rage na yi ta kwarara masa ita baiti-baiti, a gaban matata da surukaina da leburori. Da na zo wurin kaji na so in tsallake, Susan ta harare ni, na faɗa. Abarshi ya yi dariya har ya share ido da hularsa. Sannan aka zuba masa ruwan a moɗa ya sha.

Malam Abarshi, kishin nan bai tafi ba, kada ka ɗauka na yafe maka waƙar. Amma na gode. Ka tsare mini mutuncina a gidan surukai, ka bar gari guda a inda kakanninsa suka kafa shi, kuma ba ka taɓa gaya wa kowa abin da ka bari a kan dutsen nan ba. Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma samarin da ke hawa injinan nan yanzu, in an ce akwai hanyar da ba za a cuci mutane ba, ku bi ta ko da ta fi tsawo, ku kuma toshe kunnenku da auduga. Masu kamfani, ku sayi tiyo mai tsawo.

Na san ka yi ajin yaƙi da jahilci, kana karatu a hankali kana bin layi da yatsa. Shi ya sa na rubuta wannan maimakon in faɗa. Karanta abinka, ba mai gaggauta ka. Kwatarniya tana nan cike, kuma har gobe sunanka ake kira a bakinta.