Tattakin da Likita Ta Sa Ni

Yau da safe ina tattaki a bakin kogi, sai wata tsohuwa mai suyar kifi ta yafito ni da hannu.

Shekara tara da aurena, ko ɓari ban taɓa yi ba. Likitar da ke duba ni ce ta ce in rage ƙiba, in riƙa tafiyar ƙafa kullum kafin a sake gwada min allurai. Alluran baya kuwa su suka kumbura min ciki.

Tsohuwar ta ƙunso min kifi ta ce, "Ungo, 'yata. Kullum ina ganin wucewarki. Daure ki ci gaba, tafiyar nan ita ke sa naƙuda ta zo da sauƙi. Wata nawa ne?"

Ban ga laifinta ba. A Haɗejiyar nan wace matar aure ce ke fita zagaye haka kawai, in ba mai tsohon ciki ba?

Na ce, "Iya, da saura."

Ta ce, "Allah Ya raba lafiya."

Na ce amin. Har gida hawaye nake sharewa da bakin hijabi.

Gobe ban san ta wace hanya zan bi ba. 'Yan'uwana masu jira irina, ku me kuke ce musu?