Noman Filin Ƙwallo

"Ka san doka ta hana fita ba izini?" in ji shugaban kwalejinmu ta horon malamai, yana kallon tsagewar da ke tafin hannuna.

A shekarun saba'in ne. Kuɗin man fetur sun kwashe samarin ƙauyenmu zuwa birni aikin gini, ba ka samun ɗan ƙwadago ko ɗaya. Baba yana kwance ba lafiya, ciyawa tana cinye geronmu a Sandamu. Sau biyu ina neman izini ana hana ni, sai na tsallake shinge na tafi. Kwana uku na yi a gona, ban ko kai rabi ba aka aiko in dawo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, geron ba zai jira hutu ba."

Ya ce, "Tunda noma kake so, ga fartanya."

Sati biyu ina nome filin ƙwallo. Filin ya yi fes. Rumbunmu kuwa ko rabi bai cika ba a shekarar.

Yau jikata ta kawo mini takardar dokokin kwalejinsu in sa hannu. Na karanta har ƙarshe, dokar tana nan, ba kuma layi ɗaya game da ɗalibin da gida ke bukata. Na sa hannu kawai, na gaji.

Ku da kuka yi makarantar kwana, wace doka ce har yau ba ku yafe mata ba?