Malam Ghali da Matan Rumfar Badafi

Da an idar da sallar asuba, Malam Ghali na Ƙafin Maiyaki zai turo tsohon babur ɗinsa waje, ya ɗaure naɗin kebul a baya, ya rataya jakar nan da matarsa ta gaji da ɗinke mata hannu. Zai tsaya bakin tasha ya sha kokonsa, sannan ya duba waya ya ga inda ake nemansa. Yau ƙaramin asibiti a Tudun Wada, gobe shagon buga takardu a Bebeji, wata rana har Doguwa. Shekara goma sha takwas ke nan yana haɗa kwamfutocin ƙananan ofisoshi da juna da kuma intanet, bayan ya daɗe yana gyaran rediyo.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai game da shi shi ne rashin gaggawarsa. Ka kira shi ka ce, "Malam, kebul za mu ja ko waifai za mu sa?" ba zai ba ka amsa a waya ba ko da za ka yi rantsuwa. Sai ya zo, ya nemi benci ya zauna, ya yi ta kallon masu shiga da fita kamar wanda aka aiko leƙen asiri. Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa bayan kabad, ya tambayi inda rufi yake yoyo. Masu gajen haƙuri sun sha cewa mutumin nan hira ya zo yi. Mutanen Badafi ma haka suka ce, kafin su ga abin da zaman nasa yake haifarwa.

A shekarar da abin ya faru, an buɗe rajistar manoman rani ta intanet, wadda sai mai suna a ciki zai sami iri da taki. Ranar Alhamis za a rufe. Ofishin ƙungiyar manoman Badafi tsohon ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, ɗaki uku a jere: na shugaba, na sakatare, sai sito cike da buhunan masara. A bayan ginin, can ta wajen sito, akwai rumfa, nan mata suke zama, domin yawancinsu matan aure ne da ba za su kutsa cikin cincirindon maza a ƙofar gaba ba. Ƙungiya ta sayi rauta, na'urar da take raba intanet ta iska, wato waifai. Ranar farko ta yi aiki lafiya lau. Daga washegari sai ta koma jan ƙafa, a ɗakin sakatare da ƙyar, a rumfa kuwa ko ɗigo. Maza suka daure da layi har suka gama. Mata tamanin da uku kuwa, ko ɗaya ba ta shiga ba, ga shi Talata ta yi.

Aka kira Malam Ghali, ya zo ya tarar da gardama ta yi zafi. Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗantani, dattijo mai tsare kayan jama'a fiye da nasa, ya ce, "Ni fa Malam, abin da ido ba ya gani ban yarda da shi ba. A ja igiya kowane ɗaki, matan su shigo su yi layi kamar kowa."

Malama Saude, wadda take rubuta sunayen mata da laftof, ta amsa daga bakin ƙofa. "Allah ya ƙara girma, Alhaji, ai ba za su shigo ba. Jiya mutum tara suka juya gida. In ba a kawo mana abin nan rumfa ba, to a ce kawai bana mata ba su da rabo."

Bai goyi bayan kowa ba. Ya yi zamansa har azahar yana kallo. Ya lura kwamfutar sakatare tun da aka ajiye ta ba ta taɓa matsawa ba, ita kuwa Malama Saude daga wannan tabarma sai waccan, tana bin tsofaffi da masu goyo. Ya shiga sito, ya tsugunna, ya ga kashin ɓera a gindin bango. Sannan ya fito da wayarsa yana takawa a hankali, yana duba inda sabis ɗin yake ƙaruwa da inda yake mutuwa. Abin ya yi ta jan sa har ɗakin shugaba, har gaban wani akwatin ƙarfe da aka lulluɓe da darduma. Nan ya tsaya yana shafa gemu.

"Ranka ya daɗe, me ke cikin akwatin nan?"

"Ai na'urar ce," in ji Alhaji Ɗantani, cike da alfahari. "Ranar farko a kan tebur aka bar ta, kowa ya shigo sai ya taɓa. Ni kuwa na sa aka huda akwatin ta baya don wayar wuta, na kulle ta. Ga makullin nan a aljihuna."

Da wani ne, da sai ya tuntsire da dariya, gari ya ɗauka, dattijo ya sha kunya har ƙarshen rayuwarsa. Malam Ghali ko murmushi bai yi ba. Ya rage murya ya ce, "Alhaji, ka yi tsaron amana, Allah ya saka. Sai dai ita wannan, ƙarfe yana toshe mata numfashi. A ba ni izini in yi mata wani gidan, makullin kuma yana hannunka." Ya aika wajen kafinta aka haɗo ɗan akwatin katako mai tagogi, ya kafa shi can sama a bango, ya ɗana kwaɗo, ya miƙa wa Alhaji makulli a gaban jama'a.

Kowa ya zaci magana ta ƙare. Malama Saude ta koma rumfa da murna, sai ga ta ta dawo fuska a yamutse, sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa. Malam Ghali ya ce dama ya san za a yi haka. Bango biyu na ƙasa, kowanne kaurinsa ya kai kamu guda, ga buhunan masara har rufi, iska ba za ta ratsa su da ƙarfinta ba. Ya dubi su biyun ya ce, "Kowannenku yana da gaskiya rabi. Abin da yake zaune wuri ɗaya, kebul ya fi masa, ba ya yankewa, ba ruwansa da bango. Mai yawo kuwa sai iska. Amma iskar ma, sai kebul ya kai ta inda ake bukatarta."

Laraba tun da sassafe ya hau tsani. Ya ja kebul ɗaya zuwa kwamfutar sakatare. Na biyu ya zura shi cikin bututun roba saboda ɓerayen sito, ya bi da shi ta saman buhuna, ya huda bangon baya ya fito da shi rumfa. A nan ya rataya wata ƙaramar rauta da ya ciro daga jakarsa, a ƙarƙashin kwano inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Kafin la'asar Malama Saude ta ɗaga murya ta ce, "Ya shiga!" Wata ta rangaɗa guɗa, aka ce ta yi a hankali, ofis ne.

Bai ɗauka aiki ya ƙare ba. Ya dawo Alhamis ya zauna a gefe, wai ko wani abu zai tsinke. Ta ƙarshe a layi wata tsohuwa ce, Baba Lantana, mai noman albasa da take riƙe da marayun ɗanta. Sau uku tana zuwa tana komawa a wannan mako. Da sunanta ya fito a fuskar laftof, ta sa aka karanta mata shi har sau biyu, sannan ta rufe fuska da gyale ta yi kuka. Waɗanda suke wurin sun ce shi ma Malam Ghali juya baya ya yi, ya shiga naɗe ragowar kebul ɗin da ya riga ya naɗe.

Kai ne, Malam Ghali, wanda ake tambaya game da na'ura, kai kuma kana tambayar wa za a bari a waje. Kai ne ka gyara kuskuren dattijo ba tare da ka taɓa girmansa ba. Gwanin tsani, mai haƙurin zama. Ina jin nauyi a zuciya idan na tuna yadda muke wuce ka a hanya, kai da babur ɗinka, ba mu san ofis nawa ne suke aiki saboda kai ba.

Bana ya ce zai ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi tsani, ido kuma ya daina rarrabe launin ƙananan zaruruwa takwas da suke cikin kebul. Mun gode, Malam. Allah ya ba da lada, ya ƙara lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, kafin ku ce wa mutum kebul ko waifai, ku je ku ga ginin da idonku, ku ga masu zama a cikinsa da waɗanda ba sa iya shigowa.

Na je Badafi kwanakin baya, na tambayi matan rumfar ko sun san wanda ya yi musu wannan aiki. Suka dubi juna. Baba Lantana ta ce, "Wani bawan Allah ne dai mai furfura. Kullum ina sa shi a addu'a, sai dai ban san sunan da zan kira ba." To Baba, ga shi na rubuta, a karanta miki. Sunansa Ghali.